Gaskit Mai Shuɗi a Motar Mama Kachollom

Har yau ban manta da safiyar da aka jawo wata tsohuwar akori-kura da igiya zuwa garejinmu na Dilimi ba. Lokacin ni ke bin Oga Sale, mai garejin, kuma aikin kafireto a hannuna yake. Mai motar wata dattijuwa ce daga Daɗin Kowa, Mama Kachollom. Motar mijinta ce, tun rasuwarsa take ajiye a gida. Kabejinta ya isa yanka a gona, direban da ya saba kwasar mata ya yi tafiya, in aka ƙara kwana uku ruɓewa zai fara.

Ga wanda bai san aikin ba, kafireto shi ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Yana da murfi da gindi, a tsakaninsu akwai wata takarda mai ƙwari da muke kira gaskit, ita ke hana iska kutsawa ta inda ba a so. Ƙarfen kafireto laushi gare shi. In ka karce shi da sukundireba ka yi masa tabon da iska za ta riƙa bi, irin na motar nan kuwa ya daina zuwa kasuwa.

Da na kwance murfin, sai na tarar gaskit ta manne kamar tare aka ƙera su. Oga Sale ya leƙo ya ce, "Habu, kankare ta ka yar, ga sabuwa an sayo. Mama sauri take."

Har na ɗauki reza, sai na hangi shuɗi a gefenta. Duk gaskit ɗin da na sani baƙa ce ko ruwan ƙasa. Wa ya sa shuɗiya? Na ce, "Oga, ba ni awa biyu."

"Awa biyu a kan takarda?" Ya girgiza kai ya tafi.

Na jiƙa murfin da kananzir na ajiye a rana. Na fere gora ta yi faɗi kamar farce, na riƙa cusawa a hankali, in ta ƙi sai in ƙara kananzir in jira. Can ta ɗago, gida biyu kawai ta rabu. Na ɗora ta a kan sabuwar, sai na ga ba su zo ɗaya ba: tsohuwar tana da wata 'yar huda da sabuwar ba ta da ita. Na bi hudar da siririyar waya, nan na gane murfin da gindin ba na kafireto ɗaya ba ne. Wani ne ya haɗa su, ya yanka gaskit da hannunsa don ta dace. Da na sa sabuwar, da ta toshe hanyar man silo, wato ɗan man da ke riƙe inji a kunne in ba a taka totur ba, mota ta riƙa mutuwa muna neman dalili har kabeji ya ruɓe.

Na kai wa Mama tsohuwar gaskit ɗin inda take zaune a benci. Na ce, "Mama, wa ke gyara wa Baba mota?"

"Shi da kansa, ɗana. Bai yarda kowa ya taɓa ba."

Ta karɓa tana juyawa. A bayanta akwai sauran haruffa, rabin kalmar "waƙoƙi". Ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya.

"Bangon littafin waƙoƙina ne na zumuntar mata! Shekara da shekaru ina tambayarsa, yana ce mini ɓera ya ci. Ashe shi ne ɓeran!"

Tana dariya tana share ido da bakin zane. Sai Oga Sale ya ɗauko mini takardar gaskit da guduma ƙarama. Na kwaikwayi yankan marigayin har da hudarsa. Kafin la'asar motar ta tashi, silo zaune daram. Tsohuwar gaskit ɗin kuwa Mama ta naɗe ta a hankici ta sa a jaka.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuke aikin yanzu: duk tsohon abin da kuka kwance, ku dube shi tukuna kafin ku yar. Wani ya riga ku shiga injin nan, yana da dalilinsa, kuma sau da yawa ba ya nan balle ku tambaye shi.