Geron da Na Watsa a Gefen Alkamar Baba

Mun tashi da asuba daga Ungogo, ni da wani abokina, sanyi kamar zai tsinke wa mutum kunne. Ni kuwa ko a jikina, don an ce mini tsuntsayen ruwa sun sauka a wata fadama wajen Shanono, ga shi na aro kyamara. Har gero mudu guda na ƙullo musu, a shekarar da gero ya zama abin lallaɓawa.

Kuɗin mota ya ninka na bara. Mu huɗu aka cusa a baya, ban yi ƙorafi ba, ɗumin jikin mutane ya yi mini rana. A tasha muka sha koko da ƙosai, ƙosan ya rame ya koma kamar dabino.

Da muka isa, kai jama'a! Ga belbela fari fat, ga agwagin ruwa, ga gauraka biyu suna taku ɗai-ɗai. Na sami fili a gefen wata gonar alkama, na watsa gero, na tsugunna. Kafin in gyara zama jan-baki, tsuntsayen nan masu cin hatsi, sun rufe wurin. Ina ta ɗauka ina dariya, sai na ji gwangwanaye sun kaure da ƙara.

Dattijo ne mai gonar, ya ja igiyar korar tsuntsu, ya taho a guje ba takalmi.

"Malam, kai ka kira su?"

Na ce, "Hoto nake ɗauka, Baba."

Ya ce, "Akuyata biyu na sayar na yi alkamar nan. Sati uku ina korarsu, saura kwana goma in yanke."

Wallahi na ji kunya. Na ajiye kyamara, na kama igiya ɗaya, abokina ya kama ɗaya, muna ja muna ihu har azahar sannan tsuntsayen suka haƙura suka yi gabas. Sun taɓa fangali biyu, sauran ya tsira.

Sai Baba ya tsugunna yana tattara ragowar geron da tafin hannu, har da ƙasa, yana zubawa a hularsa. Ya ce in an rairaye zai yi kunun safe.

Mun iso gida bayan la'asar, muryata a dashe. Hotunan sun yi kyau sosai, ba zan ɓoye ba. Amma na koyo cewa tsuntsun da na je kallo, wani fama yake da shi, kuma ban ko tambaya ba na watsa hatsi a gefen gonarsa. Na yi wa Baba alkawarin komawa ranar yanka, da lauje.