Uwar Ƙwayoyi Ta Ajiye Farar Riga

Ƙarfe bakwai na safe take shiga ɗakin gwaji, kafin kowa. Ta wanke hannu, ta buɗe akwatin ɗumi, ta fito da 'yan farantan da ake kiwon ƙwayoyin jikin ɗan Adam a ciki. Ta duba launin ruwansu, ta sauya musu abinci, ta leƙa su ta madubin ƙara girma. Shekara ashirin da tara tana haka. Shi ya sa muke ce mata Uwar Ƙwayoyi, ita kuma takan ce waɗannan sun fi 'ya'yanta na gida jin magana.

Aikinmu a kan RNA yake, wato saƙon da ƙwayar jiki ke kwafowa daga gadon halitta. Kafin ya yi amfani sai an yanke wasu sassansa, an haɗa sauran. A wata cutar jarirai, wajen haɗin ake tsallake sashe ɗaya, sai tsoka ta yi rauni, yaro ya kasa ko zama. Maganin da zai hana tsallaken muke nema.

Akwai shekarar da muka gwada magunguna kusan ɗari huɗu, ba wanda ya yi. Shugabanmu ya ce a zubar da farantan. Ita kaɗai ta ƙi. Ta ce a sakamakon magani ɗaya ta ga wani siririn layi, alamar sashen ya fara shiga. Mu masu digiri muka ce datti ne.

"Malam, na san datti, ni nake wanke shi," in ji ta. "Ku ba ni mako biyu."

Ta lura maganin ne ya yi wa ƙwayoyin yawa, suna mutuwa kafin a ga aikinsa. Ta rage shi, ta maimaita sau uku. Layin ya fito ɓaro-ɓaro. Shugaban ya daɗe yana kallo, sannan ya nemi afuwarta a gabanmu.

Sai da aka ƙara shekara tara kafin maganin ya kai ga marasa lafiya. Bai yi wa kowa aiki ba. Amma bara wani likitan yara ya kira ta asibiti, ta ga wata yarinya da aka ba maganin zaune da kanta tana jan ɗankunnen mahaifiyarta. Mahaifiyar ta tambaya wace ce wannan baiwar Allah. Uwar Ƙwayoyi ta ce ita mai wanke kwalabe ce kawai, ta fita baranda tana share ido.

Uwar Ƙwayoyi, ba haka ba ne. Ke ce kika ga abin da muka kasa gani. Ke ce kika koya mana kada mu zubar da abin da ba mu gama fahimta ba.

Yau kin yi ritaya. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar jin daɗin jikoki. Ku kuma da za ku gaji teburinta, in kun ga siririn layi, ku tsaya ku sake dubawa. Wataƙila yaron wani ne ke jira.