Kwalekwalen Ɗan Fari

Shekara talatin da ɗaya na yi a sashen rini na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, goma sha biyu daga cikinsu ina shugaban sashen. Na ajiye aiki kafin injuna su yi shiru, saboda haka ban ga ranar da aka garƙame ƙofa ba, kuma ina gode wa Allah da Ya ɗauke mini ganin hakan. Tun daga lokacin rayuwata ta taƙaita tsakanin gida, da masallaci, da wani benci a gindin dalbejiya a bakin layinmu na Makera, inda mu tsofaffin ma'aikata kan haɗu da hantsi mu gyara ƙasa da fatar baki.

A gidanmu an rene mu da kunyar ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunan yayana ba, ni ma ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba. Ko yana zaune a gabana, mahaifiyarsa nake duba in ce, "Ki gaya wa wancan ya rage yawo." Shi ma ta bakinta yake maido mini da amsa. Ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce, kuma a kanta muka shekara talatin da shida ba mu ji ta yi mana nauyi ba.

Na sa shi ya karanci aikin injuna da nufin ya gaje ni a masaƙa, sai masaƙar ta riga karatun ƙarewa. Bautar ƙasa ta kai shi gaɓar teku, can yamma da Ikko, ya zauna, ya yi aure, ya haihu. Idan aka tambaye ni a benci, nakan ce yana harkar jiragen ruwa. Ban yi ƙarya ba, amma na bar mutane suna hango manyan jirage, ban gyara musu ba.

Wanda ya gyara musu shi ne abokina na Sabon Tasha, dattijon coci, wanda muka yi aiki tare tun muna samari. Kowace Talata yakan hau keke mai ƙafa uku ya zo mana hira. Wata Talata ya iso yana murmushi tun daga nesa, wayar 'yarsa a hannu.

"Alhaji, ashe kyaftin ɗin naka ba ya sa takalmi?"

Ya miƙo mini. Ga ɗana tsaye a bayan wani ɗan kwalekwale, wando iya gwiwa, yana tura shi da doguwar gora, ga wani baƙo a gaba yana ɗaga kifi yana washe baki.

"Ni dai ban ga laifi ba," in ji abokin nawa. "Wallahi ya fi ka ƙiba. Ka ce ya aiko mana da busasshe."

Aka yi dariya, ni ma na yi, domin dattijo ba ya nuna inda aka taka shi. Amma kafin mako ya zagayo na je wurin wani da na koya wa aiki a da, wanda yanzu yake da ƙaramin kamfanin robobi, ya yi mini alkawarin kujera da tebur ga ɗana idan ya dawo kafin ƙarshen wata.

Da na shaida wa mai ɗakina, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Can ta ce, "Alhaji, in ka ce ya dawo, zai dawo. Abin da nake tsoro ke nan."

Kwana ɗaya cur na yi a mota. Na sami ɗana da iyalinsa a wani ƙauye a bakin wani faffaɗan ruwa mai gishiri, wanda wani siririn tudun yashi ya raba da teku. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina duban jikokina. Matarsa, yarinya mai hankali 'yar Unguwar Mu'azu, ita ta tsaya mana a tsakani. Ta bayyana mini sana'ar: baƙi ne ke zuwa daga birni, wasu daga ƙasashen waje, masu sha'awar fatsa amma ba su san ruwan ba, shi kuma ya ɗauke su ya kai su inda kifi yake, ya nuna musu yadda za su yi.

Na ce, "A gaya masa ina so in ga aikin da idona kafin in faɗi abin da ya kawo ni." A masaƙa ban taɓa yanke wa atamfa hukunci a ƙarƙashin fitila ba, sai an fito da ita rana. Ban ga dalilin da zan yi wa ɗana ƙasa da haka ba.

Washegari da hantsi na fito cikin farar babbar riga ta shadda, wadda ta sha guga, da hulata. Ɗana ya dube ni, ya dubi matarsa. Ta ce, "Baba, akwai wata riga mai ruwan toka, ko za ka..." Na ce da wannan nake zuwa ko'ina. Muka gangara bakin ruwa.

Sai da ya tura kwalekwalen, na ga surukata tana ƙanƙancewa a gaɓa tana ɗaga mana hannu, sannan na lura da abin da ban lissafa ba. Mu biyu ne kaɗai. Babu wanda zan ce wa ya gaya masa, babu wanda zai ce wa ya gaya mini.

Ya tafi da mu da inji har muka shiga tsakanin wasu itatuwa masu tsayuwa a kan saiwoyinsu cikin ruwa, sannan ya kashe. Ya hau wani katako a bayan jirgin, ya ɗauki gora. Ya zamana yana tsaye a bisa kaina, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya yi wayo. Ruwan bai wuce gwiwa ba, ana ganin yashin ƙasa. Ya sa jatan lande a ƙugiya, ya ajiye sandar fatsar kusa da ƙafata ba tare da ya miƙo mini ba. Na ɗauka. Ina yaro na yi fatsar tarwaɗa a kogin Kaduna, saboda haka na ɗauka na san abin da nake yi.

Muka yi ta tafiya. Can sai na ji ya ce, kamar da ruwan yake magana, "Da mutum zai jefa ta hagu, da bai yi asara ba."

Na miƙe tsaye domin in jefa da kyau. Iska ta cika rigata, ta buɗe kamar tanti. Nan take ruwan ya dare, wasu inuwoyi suka watse ta kowane gefe, ya rage sai laka tana tashi.

Ya sake kafa gora. Ya tura mu gaba. Bayan kusan rabin sa'a ya sake cewa, "Akwai alamar alheri a gaba, in an yi a hankali." Na sake miƙewa, aka sake watsewa.

Na ji gorar ta tsaya.

"Baba, zauna. Ka cire rigar nan."

Ban juya ba. Na ji maganar har cikin ƙashina. Ma'aikata fiye da yadda zan ƙirga sun tsaya a gabana suna jiran umarni, kuma tun rasuwar mahaifina ba wanda ya ce mini zauna. Na yi niyyar in ce ya mai da ni gaɓa. Amma muryarsa ba ta rashin kunya ba ce. Irin muryar da nake yi ce idan sabon ma'aikaci ya kai hannu kusa da tukunyar rini mai tafasa.

Ya ci gaba, a hankali. "Ka gafarce ni. Kifin ruwa marar zurfi sama yake kallo, don daga sama mutuwarsa take zuwa. In ya ga fari yana motsi, zalɓe ya gani. Kuma ruwan nan ba kogi ba ne, janyewa yake yi. Nan da sa'a biyu inda muke zai zama tudu."

Na cire hulata, na cire rigar, na ninke ta yadda ya kamata a ninke shadda. Ya ce in duba ƙarƙashin benci. Rigar nan mai ruwan toka ce, surukata ta riga ta saka ta a leda. Na sa.

Daga nan ya zama wani mutum da ban sani ba. "Bi kan gorata da ido. Taku goma. Jefa. A'a, ka yi kusa, naɗe ka sake. Gaba kaɗan. Yauwa. Bar shi ya nutse. Kada ka ja."

"Ni ban ga komai ba," na ce. Sai bayan maganar ta fita na gane da shi na yi ta, ba da wani ba.

"Kada ka nemi kifi, Baba. Nemi inda koren ruwan ya ɗan yi duhu, sannan duhun ya matsa."

Wannan kuwa yare ne da nake ji. Rabin rayuwata na yi ina rarrabe kore da kore. Na ƙura ido, na daina neman ƙaya da jela, sai ga shi: wani yanki mai duhu kamar inda rini ya kama fiye da kima, yana tafiya a hankali wajen ƙugiyata.

"Na gan shi."

"To, yi shiru. Jira. Jira. Yanzu."

Na fizga. Sandar ta lanƙwashe, zaren ya riƙa fita da ƙara, kafaɗuna suka amsa. Tarwaɗar kogi ba ta taɓa yi mini haka ba. Na ce, "Yaya zan yi? Zai tsinke."

"Ba zai tsinke ba. Bar shi ya gudu, shi zai gaji. Ɗaga sandar. Baba, ɗaga na ce, yana neman saiwa."

"Ai ina ɗagawa. Kai dai riƙe jirginka."

Na ji yana dariya a bisa kaina. Rabon da in ji dariyarsa kusa haka tun yana rarrafe.

Muka daɗe muna fama kafin ya dira cikin ruwa ya cicciɓo shi. Kifi ne ja-ja mai faɗi, tsawon kamu ɗaya da ɗoriya. Ya faɗa mini sunansa da harshen mutanen wurin, ban riƙe ba. Ya ajiye shi cikin jirgi.

A hanyarmu ta fita wani tsohon masunci ya matso da nasa kwalekwalen, suka yi magana da harshensu. Na ga tsohon yana tambaya, ɗana yana nuna masa wata mashiga da gora. Mutumin da aka haifa a bakin ruwan yana neman shawarar ɗan Makera. Na adana wannan a zuciyata.

Da azahar ruwa ya janye sosai, wani tudun yashi ya fito fili. Muka sauka, ya shimfiɗa tabarma, ya nuna mini alƙibla, na ja mu salla. Bayan mun shafa addu'a bai tashi ba. Ya gyara durƙuso, ya sunkuyar da kai, ya koma ɗan da na sani.

"Umma ta yi mini waya. Na san abin da ya kawo ka. In ka ce in koma, gobe zan fara haɗa kaya."

Na san da gaske yake. Kalma ɗaya ta ishe shi ya jingine gorar nan, ya koma bayan tebur a Kaduna, kuma ba zai taɓa yi mini gori ba. Saboda haka ban yi gaggawa ba. Na tambaye shi abin da yake yi da damina. Ya ce baƙi kan ragu, sai ya koma gyaran injunan jiragen ƙauyen, karatunsa bai tafi a banza ba. Na tambayi karatun yaran, ya ce akwai malami a gari na gaba, kullum da yamma yake kai su. Na tambaye shi haɗari. Bai ɓoye ba. Ya ce ruwa ya taɓa cin wani abokinsa a bakin mashigar teku, shi ya sa ba ya kai kowa can, ko an roƙe shi.

"Ranar da ƙarfinka ya ƙare fa?"

"Ban sani ba, Baba. Ina koya wa mutum biyu. Wataƙila in zauna a gaɓa su riƙa fita."

Ba amsar da ta kwantar mini da hankali gaba ɗaya ba ce, kuma har yau idan hadari ya haɗu a Kaduna nakan tuna da shi. Amma ni da na dogara da katangar masaƙa, na ga inda ta ƙare. Ba ni da bakin da zan yi masa alkawarin tebur ya fi ruwa tabbas. Abin da na gani da idona shi ne mutum wanda ya san aikinsa ciki da bai, har ya iya tsayar da mahaifinsa a kan daidai.

Na dube shi sosai, ido cikin ido, na ga ashe furfura ta fara fito masa a gemu.

Na ce, "Ka zauna a kan sana'arka. Allah Ya yi mata albarka, Ya tsare ka, Ya tsare waɗanda kake ɗauka."

Ya ce amin. Ya juya yana kakkaɓe yashi daga tabarma, ya daɗe yana kakkaɓewa, ni kuma na ba shi lokaci ina kallon wasu tsuntsaye. Kafin mu ankara ruwa ya fara dawowa, yana lasar gefen tudun.

Muka shiga jirgi. Ya hau katakonsa, ya kafa gora, ya tura. Na tambaye shi ko mahaifiyarsa za ta iya wannan tafiya da rani, ya ce in dai za ta yarda ta zauna wuri ɗaya. Na ce wannan kuma sai ya gaya mata da bakinsa.

"Baba, matsa tsakiya," ya ce. "Jirgin yana karkata."

Na matsa.