Raƙuman Malam Bukar da Saƙon Faransanci

Duk shekarun da na yi a ofishin kamfanin salula a Gure, ranar da Baba Kyari ya shigo riƙe da wayarsa ce ta ƙi fita raina. Ku sababbin shiga, ku saurara.

A lokacin muna sayar da forfe marar iyaka, wato ka biya sau ɗaya ka yi ta aiki da intanet har wata ya ƙare. Sai takarda ta zo daga sama cewa an soke shi, an koma na awo: megarka ta ƙare, komai ya tsaya. Ƙa'ida ita ce a sanar da masu layi ta saƙon waya, kuma da Faransanci aka rubuta saƙon. Na ce wa shugaban ofishinmu, "Shef, mutanenmu da yawa ba sa karanta wannan. A bar ni in bi kasuwanni in faɗa da baki." Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "An tura saƙo, mun fita haƙƙinsu." Na koma kan aikina, don ni ma ina gudun wahalar hanya.

Baba Kyari dillalin raƙuma ne a kasuwar Gidigir. Bai yi boko ba, amma yana da ido kan shaida, alamar wutar da ake yi wa raƙumi a wuya ko a cinya. Duk wanda aka sace wa dabba, shi ake tura wa bidiyon cigiya, ya zagaya kasuwa yana dubawa, don haka wayarsa ba ta hutawa. Da wata ya kama ya aiko wani direban mota da kuɗin forfe kamar kullum, na sa masa sabon forfen, ban aika masa ko kalma ɗaya ba. Kafin mako ya cika ya cinye shi.

Ranar kasuwa, wani makiyayi daga Kelle mai suna Malam Bukar ya ari waya ya tura masa bidiyon raƙumansa uku da ɓarayi suka kore, ya koma daji bin sawu. Bidiyo ya ƙi buɗewa. Baba Kyari ya ɗauka rezo ne, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni, ya hau tudun rairayi har sau biyu yana ɗaga waya sama, da tsufansa. Da ya gaji ya koma ciniki.

Washegari ya zo Gure a gyara masa. Na zuba masa mega, bidiyon ya buɗe a gabana. Ya kalla, ya sake kalla, sai ya zauna a ƙasa.

"Ɗana, waɗannan ni na yi cinikinsu jiya. Ni na miƙa igiyarsu."

Motar da ta ɗauke su ta riga ta yi nisa, jandarmomi ba su samo ko ɗaya ba. Malam Bukar ba shi da komai bayan su. Magana ta bazu cewa da hannun dillali a satar, Baba Kyari ya daina zuwa kasuwa.

A takardunmu sunansa mai cinye mega da yawa, amma raƙuman jama'a yake tsaro da ita. Wannan aikin ya koya mini cewa tura saƙo ba sanarwa ba ce, don haka yanzu duk canjin da ya zo da baki nake faɗarsa, da Hausa da Barbarci. Ranar, kafin ya fita, Baba Kyari ya tambaye ni ko na san an canza abin lokacin da direba ya zo. Na ce na sani. Bai zage ni ba, ya sa takalmansa ya tafi, kuma har yau da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.