Yadda Na Sa Gari Ya Yi Salla Babu Wata

Malam Edita, ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutuna, karatun allona ya tsaya ne daidai inda malaminmu ya gaji da ni, bokon kuwa sai da furfura ta gama cin kaina na shiga ajin manya, saboda haka in ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi. Abin da zan faɗa ya faru ne tun Bature bai taka ƙasarmu ba, ina saurayi a cikin ganuwar Birnin Gwari. A lokacin ba ni da dukiya, ba ni da ilmi, kyan fuska kuma a bar maganar, amma ina da ido. In na hau dutsen da ke bayan gari, nakan faɗi ko shanun wace ruga ce ke fitowa daga daji, nakan bambance ayarin fatake da mahara tun suna kamar tururuwa. Masu tsaron ƙofa sukan aiko a kira ni in sun ga abin da ba su gane ba. Duk ƙarshen azumi ni ake sawa a gaba wajen duban wata. Har tafiyata ta canza, ina jin kamar ni na ƙera idon da hannuna.

A wannan shekarar azumi ya zo ne a ƙarshen damina. Ana cikin goman ƙarshe muka shiga daji ta hanyar Gwaska saran gora, ni da taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara ba mu da aiki sai tsokanar juna. Ya tanƙwaro wata gora yana gabana, ya sake ta bai waiwayo ba, ta zabge ni a idon dama. Na zube ina ganin taurari da rana tsaka. Shi kuwa ya tsaya a kaina yana cewa wai idon da ke hango Bafulatani daga nisan yini guda ya kasa ganin gora a kan hancinsa. Idon ya kumbura, Inna ta gasa mini da ruwan ɗumi, ta sa mini tozali, kumburi ya sace, kowa ya manta. Abin da ya rage kawai wasu baƙaƙen abubuwa ne kamar ƙudaje da suka riƙa yawo a gabana, in kai hannu ba komai. Na ce a raina yunwar azumi ce. Ban gaya wa kowa ba, don mai idon mikiya ba ya zuwa yana cewa yana ganin ƙudan ƙarya.

Ranar da azumi ya cika ashirin da tara muka hau dutse da yamma. Gajimare ya tare yamma, sai ɗan tsagi ja a saman itatuwa. Aka duba, aka duba, dattawa suka fara sauka don shan ruwa. Ina juyawa in bi su, sai na gan shi ta gefen damana, siriri, fari fat, a lanƙwashe. Na waiwaya da sauri ya ɓace. Na sake juya kai, ya sake bayyana. Malam Edita, ban yi shakka ko ta ƙwayar gero ba. Na kurma ihu na ce ga wata. Mutane suka dawo da gudu suna tambaya ina, ina, na ce gajimare ya rufe shi. Ba wanda ya musa mini, don ban taɓa faɗin abu ya zama ba haka ba, kuma gaskiya kowa ya gaji da azumi.

A hanyar gidan Alkali aka tuna cewa shaidar mutum ɗaya ba ta tsayar da wata, sai biyu. Na dubi taubashina na tambaye shi ko ya gani. Ya ce in dai ni na gani, to nasa idon me zai ƙara, ai shi raka nawa kawai ya zo yi duniya. Muka yi dariya. A gaban Alkali ya dafa ƙirji ya ce ya gani. Mutum ɗaya ne ya tsaya yi mini tambaya, wato Na'ibin Liman, wani dattijo da ya yi karatu mai zurfi har da littattafan magani, mutane kan kai masa ciwon ido. Ya ce, ɗan nan, yaya watan ya tsaya, a kwance kamar kwale-kwale ko kuwa? Na ce a tsaye yake kamar an rataye lauje. Sai ya ce shi da za a bi tasa a dakata. Bai rufe baki ba bindiga ta tashi a ƙofar fada, tambari ya amsa, mata suka ɗau guɗa. Magana ta ƙare.

Washegari aka yi Salla. Ban taɓa cin nama irin na ranar ba, kowane gida na wuce sai a ce ga wanda ya fitar da mu, a miƙo akushi. Da yamma sama ta washe tas, ko ɗigon gajimare babu, gari kaf ya fito kallon watan kwana biyu, wanda ya kamata ya tsaya sama ya daɗe, har mai dundumi ya gan shi. Rana ta faɗi. Ja ya koma toka-toka. Hira ta fara raguwa, yara suka daina guje-guje, har na riƙa jin kukan kwaɗi daga fadama. Babu wata. Ina jin idanun mutane suna barin sama suna sauka a bayan wuyana. Sai na juya kai, kuma wallahi na sake ganinsa. Na miƙa hannu na ce ga shi can. Wannan karon babu gajimaren da zan laɓe a bayansa. Wani dattijon Bafulatani da ya ji bindiga daga rugarsu ya sa iyalinsa duka suka ajiye azumi, ya matso ya bi yatsana da kallo, ya ce shi a ƙarƙashin saman nan ya tsufa, kuma inda nake nunawa babu komai sai ikon Allah. Ya tambaye ni a hankali, azuminsa na yau wa zai biya shi. Nan take dogarai suka riƙe ni, suka riƙe taubashina.

Da hantsi aka gurfanar da mu. Zauren Alkali ya cika har waje. Aka karanta mana hukuncin mai shaidar zur: bulala a bainar jama'a, a zaga da shi kasuwa ana shela, kuma har ya mutu ba a ƙara karɓar maganarsa ko a kan akuya ce. Bulalar ba ta dame ni kamar wannan na ƙarshen ba. Taubashina, da aka tambaye shi, bai ja ba, ya ce shi bai ga komai ba, ni ya bi. Nan zaure ya ɗau salati. Na zama ni kaɗai ne tushen ƙarya. Babana yana zaune a gefe, ya sunkuyar da kai, bai ko dubi inda nake ba. Na rantse na gani, na sake rantsewa, Alkali ya ce in rufe baki, kowace rantsuwa ƙarin nauyi nake ɗora wa kaina. An riga an aika a ɗauko bulala lokacin da Na'ibi ya ce, Allah ya gafarta Malam, a ba shi aron yaron nan kafin azahar, in bai sami komai ba ya dawo da shi da bayansa lafiyayye, bulala ba ta tsufa. Alkali ya yarda, amma ya ce shi ma zai bi ya gani.

Na'ibi ya shigar da ni wani ɗakin ajiya marar taga, ya sa aka saki asabari, duhu ya rufe. Ya juya ni na fuskanci bango, ya ce in kaɗa kai da sauri. Na kaɗa. Ya tambaya ko na ga wani abu. Na san duk amsar da na bayar tana iya zama ta ƙarshe da za a saurara daga bakina. Ya ce in faɗi gaskiya ko da ta yi kama da hauka. Na ce na gan shi. Ya ce to madalla, yau wata ya tsaya a gabas, a cikin ɗaki, da hantsi. Sai ya ce in runtse idanu duka biyu in juya su dama da hagu. Malam Edita, idona a rufe, wata ya fito. Ya tambaye ni ko wani abu ya taɓa bugun idon, na ba shi labarin gora da na ƙudaje. Ya ce ja'iri, da ka faɗi wannan tun farko da jiya mutane sun cika azuminsu.

Alkali ya ce duk wannan daga bakina ya fito, kuma bakina ne ake tuhuma. Na'ibi ya ce gaskiya ne. Ya fito da ni tsakar gida, ya zaunar da ni gwiwa da gwiwa da shi, ya ɗaura 'yar farar kaɗa, wato auduga, a kan tsinke. Ya sa na rufe idon dama da tafin hannu, na kafa na hagu a kan hancinsa, ya riƙa kawo kaɗar daga sama, daga ƙasa, daga gefe, ni kuma in ce na gani da zarar ta shigo. Na hagu bai ba ni kunya ba. Aka koma na dama. Daga sama na gani, daga gefe na gani, amma da ya taho da ita daga ƙasa sai na ji mutane suna gunaguni, ni kuwa ina jira, ashe kaɗar ta kusa taɓa gemunsa ban sani ba. Wani lokacin yakan kawo tsinke babu kaɗa don ya kama ni, wani lokacin ya maimaita wuri guda ba zato. Ya zana da'ira biyu a ƙasa, duk inda na kasa gani ya ɗiga gawayi, har ƙasan da'irar dama ya yi baƙi kamar an zuba tawada. Sannan ya kare mini kowane ido da hannunsa ya janye a cikin rana, ya nuna wa Alkali yadda ƙwayar idon hagu ke tsukewa nan take, ta dama kuwa sai ta yi nawa. Daga ƙarshe, muna cikin magana, ya kawo yatsa da sauri ta ƙasan idon dama kamar zai tsone ni. Ban ƙifta ba, don ban gan shi ba. Babana ne ya yi ƙara. Na'ibi ya ce wa Alkali, baki yana iya ƙarya, amma fatar ido ba ta san shari'a ba.

Aka koma zaure. Alkali ya ce yaron nan ba maƙaryaci ba ne, mai lalura ne, ya ga abin da ya ce ya gani, sai dai ba a sama yake ba. Ya ce kowa ya rama azumi guda, kuma kada a ƙara hawa da ni dutse. Ban taɓa jin wanda aka gaya wa idonsa ya lalace ya yi hamdala irin tawa ba. Taubashina kuwa aka kwantar da shi. Ina tsaye ina jin saukar kowace bulala, ina tuna cewa ni na tambaye shi a hanya, kuma na san amsar da nake so ya ba ni. Bayan ya warke ya koma wajen dangin babansa a Saminaka. Mun ci gaba da gaisawa har ya rasu, amma bai ƙara tsokanata ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan zagi.

Da na tambayi Na'ibi magani, bai yaudare ni ba. Ya ce wani abu ne ya yage can ciki, inda tozali ba ya kaiwa, allurar masu cire yanar ido ma ba ta kaiwa, in kwanta in rage motsi in yi addu'a. Baƙin nan na ƙasan idon ya riƙa hawowa kamar ruwa a rijiya. Kafin dawa ta shiga rumbu idon dama ya mutu, watan ma ya tafi da shi.

To, jama'a masu karatu, ku da kuka zo a zamanin asibiti, an ce akwai fitilar da likita ke leƙa cikin ido da ita ya ga har bangon baya, akwai allon haruffa manya da ƙanana, amma sai ku zauna a gida kuna cewa gajiya ce. In abu ya bugi idonku, in kun fara ganin ƙudan da hannu ba ya kamawa, ko walƙiya babu hadari, ku tafi a duba tun ana iya dubawa. Lokaci-lokaci ku rufe ido ɗaya ku gwada ɗayan, don mai lafiyar yakan rufa wa maras lafiyar asiri har ya mutu ba ku sani ba. Kada kuma ku rantse a kan idon wani, ko da kun yarda da shi fiye da naku. Ni dai har yau, in za a sa ni in dafa Alƙur'ani, zan ce na ga watan nan. A duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin abu sarai kamarsa ba, kuma babu shi.