Kunya Biyu Cikin Burtali

Gonarmu ta gado tana gabas da ƙauyenmu, a ƙasar Zurmi, kan hanyar daji da ke ɓullewa Shinkafi. A gefenta na arewa akwai burtali, hanyar da shanu ke bi su gangara mashaya. Lokacin da nake ƙarami faɗinsa ya kai garke guda ya wuce ba tare da saniya ta taɓa karan kowa ba. Babanmu ya dasa aguwa a kan iyaka, kuma duk shekara kafin shuka sai ya bi ta ya cike inda ta mutu.

Akwai wani Bafillace da ke sauka a gonarmu duk bayan kaka. Baffa muke ce masa, ko da yake babu jini tsakaninmu. Dogo ne, siriri, yatsansa ɗaya na hagu ya guntule tun yana saurayi, igiyar bijimi ta cinye shi. Idan an gama kai gero rumbu sai ya zo da shanunsa su ci kara da karmami, su bar mana taki. Shi da Baba ba su taɓa zama sun yi yarjejeniya a kan haka ba, haka suka taras iyayensu na yi. Da la'asar sukan zauna a gindin gawo suna tsokanar juna, shi yana kiran Baba Kaɗo, Baba yana ce masa mutumin da bai san daɗin ɗaki ba. Matarsa kuwa ƙawar Inna ce, mahaifiyata. Ko ba ta sayar da nono a gidanmu ba, a nan take aje ƙwaryarta ta yi sallar azahar. Ranar da aka haifi ƙanwata, ita ta fara kawo man shanu, tun kafin dangin Inna su iso.

Baba ya rasu shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda. Gona ta dawo hannunmu ni da wana. Shi yana gida da iyali masu yawa, ni kuma ina zuwa ƙarshen mako a kan babur. A lokacin takin zamani ya shigo sosai, har mutane sun fara cewa ba sai an jira kashin shanu ba. Maƙwabcinmu na ƙetaren burtali ya shiga cikinsa ya nome kunya uku, na gabansa ma ya shiga, babu wanda ya ce musu kanzil. Wata Asabar kafin ruwan shuka wana ya kai ni bakin iyaka ya nuna mini, ya ce mu kaɗai muka rage muna barin ƙasa tana kwance alhali gero ba ya kai mu damina. Ya ce ni ne mai ilimi, in faɗi abin da na gani.

Na ce kowa ma ya yi, kunya biyu ba za ta hana saniya wucewa ba. Da hannuna na tumɓuke aguwar, ruwanta fari ya ɓata mini riga. Shekarar da ta biyo baya muka ƙara biyu, wannan karon ba mu ma yi shawara ba.

Baffa ya same ni a gonar wata ranar damina ina noman maimai. Bai fara da maganar ba, sai da ya tambayi Inna, ya tambayi aiki da mutanen Kaura. Sannan ya taka zuwa burtalin, ya shimfiɗa sandarsa a ƙasa, ya ɗaga, ya sake shimfiɗawa, har ya kai ga geron maƙwabcinmu. Bai daɗe yana aunawa ba.

Ya ce, "Ɗana, ta ina zan bi da su? Babanku ya bar mini hanya."

Na yi masa bayani irin na 'yan makaranta. Na ce jama'a sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaruwa, zamani ya sake, ya kamata su ma makiyaya su fara tunanin tsare dabbobi wuri ɗaya. Ina magana ina jin daɗin yadda maganar ke fita. Ya saurare ni har na gama, ya ɗauki sandarsa ya saɓa a kafaɗa.

Ya ce, "To, Allah ya sa albarka ga geron."

Bai sake tayar da zancen ba. Bayan kaka ya zo da shanunsa kamar kullum, amma ba ya zama gindin gawo, don babu wanda zai zauna da shi.

Daga nan abubuwa suka riƙa lalacewa kaɗan-kaɗan. Hanya ta matse, shanu suka fara faɗawa gonaki, aka fara kai ƙara wurin mai gari. Wata rana aka doki wani makiyayi, bayan sati biyu aka tarar an sassare dawar wanda ya doke shi. Sai kuma ga masu bindiga sun ɓullo a daji. Abin da mutanen gari suka manta, ko suka ƙi tunawa, shi ne rugage aka fara yi wa sata. Shanun Baffa kansa an kore fiye da rabi a rana ɗaya, ya zo har ƙofar mai gari ya faɗa, aka ba shi haƙuri. Da aka fara tare motoci a hanyar Shinkafi ranar kasuwa, aka fara ɗaukar mutane a gona, sai magana ta zama ɗaya a bakin kowa, wai duk mai sanda da malafa na masu bindigar ne. Matan rugage suka daina shigowa da nono. Direbobi suka daina tsayawa idan Bafillace ya ɗaga hannu. Wanda duk aka ga yana gaisawa da su sai a ce infoma ne mai kai wa 'yan bindiga labari, kuma mun ga abin da ya sami waɗanda aka liƙa wa wannan suna.

Akwai majalisar da muke zama bayan la'asar a ƙofar masallaci. Wata rana wani ya ce a rugar Baffa ake dafa wa 'yan bindiga abinci. Ina zaune. Na san mutumin nan tun ban iya ɗaura wando ba, na san an kwashe masa dukiya, na san ko abincin kansa da ƙyar yake samu. Idanu biyu ko uku suka juyo gare ni, don kowa ya san tsakaninsa da gidanmu. Na sunkuyar da kai ina wasa da makullin babur. Da ban ce komai ba, sai maganar ta zauna.

Wata Asabar da hantsi na fito daga ƙauye zan je Zurmi sayo wa Inna maganin hawan jini. A mararraba akwai mai sayar da fetur a kwalba da mai shayi, kuma mutane biyar ko shida na zaune a kan benci. Can gefe, nesa da su, Baffa na tsaye, matarsa tana zaune a ƙasa ta jingina da itace, an lulluɓe ta da zane duk da zafin rana. Ya ɗaga hannu, na tsaya, don ya riga ya gane ni. Ya tsufa ƙwarai. Ya ce kwana huɗu ke nan zazzaɓi ya kwantar da ita, ko ruwa ba ya zama cikinta, a kan jaki ya kawo ta nan, kuma tun safe babu mai mashin da ya yarda ya tsaya. Ya ce in taimaka in kai ta asibiti, shi zai biyo a ƙasa.

Na waiwaya. Mutanen benci sun bar shayinsu suna kallonmu. Biyu daga cikinsu 'yan majalisarmu ne.

Na ce, "Baffa, tayar baya ba ta da iska, ba za ta ɗauki mutum biyu ba."

Ya dubi tayar. Sabuwa ce, ko wata ban yi da sa ta ba. Matar ta buɗe ido ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yaro, ta tambayi lafiyar Inna.

Baffa ya ce, "Ba komi, ɗana. Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida Innarku."

Na tayar da babur na wuce. Da na isa Zurmi na sayi maganin, na zauna a wata rumfa kusa da tasha har azahar ta wuce, na kasa komawa ta wannan hanya. Na riƙa gaya wa kaina cewa ina da mata da 'ya'ya, cewa wani zai ɗauke ta. Da na dawo da yamma ba su nan. Mai shayi ya ce tsohon ya mayar da ita kan jakin sun koma daji.

Kwana biyu bayan haka ta rasu. Wani mai itace ya kawo labarin gari. Inna tana tsince wake a tsakar gida lokacin da ta ji. Ta aje faifan, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta zuba gero a ƙwarya. Wana ya tare ƙofa ya ce ba za ta fita ba, za ta jawo wa gidan masifa. Ta ce masa matar nan ta riƙe mata kai ranar da ta haife shi, in yana da abin da zai hana ta zuwa gaisuwa ya faɗa ta ji. Ya matsa. Ni ina zaure, don ban koma Kaura ba, na ce bari in kai ta a babur. Ta dube ni, kuma a wannan kallo na gane labarin mararraba ya riga ya iso mata. Ta ce ƙafarta ta ishe ta.

Da ƙafa ta tafi, tsohuwa mai hawan jini, ta ratsa tsakiyar gari kowa na kallo. Ta dawo kafin magariba. Ta ce mutum bakwai suka yi wa gawar salla, babu ko ɗaya daga gari. Ta ce Baffa ya tambaye ni, ya ce a faɗa mini kada in sa abin a rai, kwana ne ya ƙare. Ranar sadakar uku da ta sake shiri, sai ga tsofaffin mata biyu na unguwarmu sun fito da mayafansu sun bi ta, ba tare da ta kira su ba. Babu wanda ya taɓa su, babu wanda ya kira su infoma. Wannan ya fi komai ci mini rai, don a nan na ga abin da nake tsoro bai kai yadda na ɗauke shi ba, kuma da mutum ɗaya ya fara, akwai masu bi.

Baffa ya tashi kafin damina ta gaba, da sauran 'yan shanunsa, ya yi arewa. An ce autansa bai bi shi ba, ya shiga daji wurin waɗancan mutane. Ban san gaskiyar wannan ba, kuma ban da bakin da zan yi hukunci a kai. Mu ma ba mu daɗe ba. Bayan 'yan bindiga sun shigo ƙauyenmu sau biyu, muka kwashe zuwa Kaura, wana ya koma dakon buhuna a kasuwar hatsi, mutumin da ke cika rumbu uku. Inna ta rasu a ɗakin haya a bayan tashar jirgi, aka binne ta nesa da mijinta.

Ba na cewa ni na jawo abin da ya sami ƙasarmu. Akwai manyan dalilai da suka fi ƙarfina, akwai azzalumai da suka ɗauki bindiga da gangan suka kashe bayin Allah, kuma alhakin wannan yana kansu. Amma idan ana zance a ce Hausawa da Fulani sun ɓata, sai in ji kamar ana maganar wasu mutane ne can daban. Ni na san wuraren da aka tambaye ni, da amsar da na bayar.

Bara na haɗu da wani dillalin dabbobi mutumin Shinkafi a wurin ɗaurin aure. Cikin hira na kwatanta masa Baffa. Ya ce ya san wani tsoho mai wannan kama da ya rasu a wani ƙauye kusa da iyakar Nijar, yana kiwon awakin mutane, amma ba zai rantse cewa shi ne ba. Na tambaye shi sunan ƙauyen, ya ce ya manta. Na ba shi lambata in ya tuna ya kira ni. Har yau bai kira ba.