Rufin Gilashin Motar Bakoji

Ni dillalin shanu ne a karar Birnin Gwari, sunana Mu'azu, kuma na ga abubuwa a wannan sana'a. Na ga wanda ya sayar da bijimai ya tafi Makka, na ga wanda ya karyar da garke ya fanso ɗansa daga daji. Amma Bafulatanin da zai sayar da shanunsa kaf, da ransa da hankalinsa, ya sayi mota sabuwa a leda, mutum ɗaya na sani: Bakoji.

Tun muna samari nake sayar masa da dabba. Dogo ne siriri, maganarsa sai ka kasa kunne, kuma ban taɓa ganin ya saka wani abu don a gani ba. Takalmin roba, hular kaba, sanda. Rugarsu tana gefen Kakangi. Da daji ya lalace suka gudo gari, a wajen gudun ne matarsa Na'ima ta faɗo daga babur, ƙashin bayanta ya taɓu. Tun ranar ba ta sake zama ba. An kai ta asibiti har Kaduna, aka dawo da ita kamar yadda aka kai ta. Shanun da suka tsira ya tura wa wani ɗan'uwansa can kudu, shi kuwa ya kama ɗaki a bayan kasuwa yana jinyarta. Shekara da shekaru tana kwance rigingine, ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Sai da hanya ta ɗan yi sauƙi ta ce tana so ta ga tsohon wurinsu kafin ta mutu.

Ya gwada motar haya, aka kwantar da kujera aka ɗora ta. Ba su fita gari ba ta fara ihun da ya sa direban ya juyo da kansa. Daga nan ne Bakoji ya aika aka koro shanun, ya zo ya tsuguna a rumfata ya ce in nemi masu saye, mota sabuwa zai saya.

Wallahi na ɗauka wasa yake. Na ce idan ma motar ce dole, ga 'yan Kwatano nan, rabin garken ya isa. Ya ce tsohuwar mota ita ke zaɓar inda za ta mutu, shi kuwa ba zai tsaya buɗe inji a tsakiyar dajin nan da mace a kwance ba. Na sayar, na bar masa 'yan ƙalilan a gefe. A cikinsu akwai Saige, wata jar saniya mai farin goshi, wadda asalinta daga garken mahaifin Na'ima take.

Muka tafi Kaduna. Mai nuna motocin wani mutum ne mai fara'a, Benjamin, Hausarsa tas. Ya nuna mana wata doguwa mai tudu wadda kujerun bayanta ke kwanciya, ya ce iri uku ce duk da injinsu ɗaya. Akwai ƙarama, kujerun yadi, wilin ƙarfe, ba kwalliya. Akwai ta tsakiya, an ƙara mata talabijin a gaba da kyamarar ja da baya. Sai babbar, wadda suke ce wa ful-ofshan: kujerun fata masu ɗumama baya, baƙin gilashi, wili mai walƙiya, lasifika ko'ina, ga rufin gilashi tun daga kan direba har baya.

Benjamin na lissafi, Bakoji na girgiza kai. Fata? Zafi. Kyamara? Yana da wuya, zai waiga. Lasifika? Ba ya jin kiɗa. Raina ya yi fari, na ce a zuci mutumina bai gama haukacewa ba. Ƙaramar za ta bar masa Saige da 'yan'uwanta, kuma ba za ta ja ido a hanya ba.

Kawai sai na ga ya tuɓe takalmi, ya sa an kwantar da kujerun ƙaramar, ya haye ya miƙe rigingine kamar gawa. Mutanen wurin suka bar abin da suke yi. Ya sauko, ya shiga babbar, ya sake miƙewa. A nan ya daɗe, har na fara jin kunya ina yi wa mutane murmushin dole. Da ya fito ya tambaya ko za a sa wa ƙaramar rufin nan kawai. Benjamin ya ce ba a yi, rufin tare da babbar yake zuwa daga kamfani. Bakoji ya ce to babbar zai saya.

Na ja shi gefe, na balbale shi da faɗa. Na ce ko ya manta hanyar da za mu bi? Wanda aka hango a wannan mota ai an gama yi masa kuɗi tun daga nesa. Kuma sauran shanun fa, da me zai ci? Duk saboda taga a sama, abin da 'yan bidi'a ke leƙo kai ranar ɗaurin aure! Ya bar ni na gama.

"Mu'azu, kwanta," in ji shi.

"A ina?"

"A ƙaramar tukuna."

Da babbar rigata da furfurata na haye na kwanta. Ba abin da na gani sai rufi mai launin toka, kusa da hancina. Tagogin gefe suna can sama da kaina, ba su nuna mini komai. Na koma babbar na kwanta. Sai ga sama a buɗe, ga gajimare, ga wata shirwa tana shawagi.

"Kwanon ɗakinmu ta haddace shi," ya ce. "In na kai ta Kakangi a waccan, na canza mata rufi ne kawai."

Na sauko. Kunya ta kama ni, tsoron kuma bai sake ni ba.

Saura Saige, don ba tasa ba ce, ta Na'ima ce. Muka dawo gida, ya shiga ya gaya wa mai ita, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina addu'ar ta ƙi. Can na ji muryarta ta bayan labule: "A gaya wa Mu'azu ya ba mai kiwo. Kada ya ba mahauta." Haka na yi, kuma ban karɓi la'ada ba.

Ba a nan abin mamakin ya ƙare ba. Ranar da aka kawo motar, gari ya taru ana shafa ta. Washegari Bakoji ya sa aka kai ta wurin mai walda. Aka ɓamɓare duk wani ƙarfe mai ƙyalli, aka cire baƙar ledar gilashin, aka musanya wilin da na ƙarfe. Kujerun fatar baya aka kwance su aka jingine a bango, aka shimfiɗa katifa mai kauri. Daga ƙarshe ya sa aka bi jikinta da wani fenti mai kalar ƙasa, da burushi, irin na ƙofar shago. Mai waldar da kansa sai da ya yi salati. Wasu suka ce asiri aka yi masa. Shi kuwa ya shiga koyon tuƙi a filin ƙwallo, yana riƙe sitiyari kamar wanda ya kama ƙahon sa.

Da ruwa ya ɗauke muka tafi, da hantsi, ni a gaba kusa da shi, ita a baya. Tafiyar hawainiya yake yi, yana kauce wa kowane rami. Idona na kan daji, bakina na kan addu'a. Sai na ji ta fara magana a hankali. Kaɗanya. Maje. Ga maɗacin mararraba, a bi hagu. Da kan itatuwa take gane hanya, kuma ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Wurin nasu ya zama ciyawa, ko turke babu. Ya tsaya a ƙarƙashin ɗorawar da take tatsa a gindinta. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce an sare reshen gabas.

Muna nan sai ga wani garke ya ɓullo daga rafi, ya ratsa ta gefen motar. Rufin ba ya nuna ƙasa, sai dai ta ji takunsu da kukan 'yan maruƙa.

"Na waye?" ta tambaya.

"Na mutane ne."

"Buɗe min, in shaƙi warinsu."

Ya danna, gilashin ya zuge. Sannan ya fita ya tsaya jikin motar, ya juya wa shanun baya har suka gama wucewa.